Hekta ba eka ba ce, malam ɗan jarida

Kun dai ji shirin noman nan na jiya a rediyo, ba sai na kama suna ba. Malamin gona ya faɗi yawan takin da za a zuba a hekta ɗaya, shi kuma gogan naku mai gabatar da shirin da ya zo taƙaita bayani a ƙarshe sai ya ce "a kowace eka", har sau biyu, da muryar nan tasa ta ƙasaita. Aka saki kiɗa aka rufe shiri. Madalla, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Jama'a hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuwa 4,047, wato kusan eka biyu da rabi ne a cikin hekta guda. To manomin da ya kasa kunne ya ɗauki maganarka, shi kenan ka sa shi zuba ninki biyu da rabi na abin da gonarsa ke buƙata. In yuriya ce, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, ƙaramar shuka tana iya ƙonewa, ruwa ya wanke saura, kuɗinsa ya bi iska. In maganin feshi ne ma abin ya fi muni, don nan har lafiyar mai feshin da ta mai ci ta shigo ciki.

Tun jiya ake ce min wai tuntuɓen harshe ne. Naji. In ka yi tuntuɓen harshe a sakamakon ƙwallo gobe ka gyara a yi dariya, amma takin da ya shiga ƙasa wa zai tsinto shi? Wani kuma yace ai mai gabatarwar ba masanin noma bane. To wa ya ce ya zama? Abin da ake so kawai ka rubuta lambar a takarda, ka karanta wa malamin kafin ya tashi, "ranka ya daɗe, hekta ka ce ko eka?" Daƙiƙa biyar. Masu cewa lokaci ne ya ƙure kuwa ku bar ni don Allah, an samu lokacin gaishe-gaishen masu bugo waya na minti goma ai.

Duk wanda ya taka ajin koyon jarida an karantar da shi tambayoyin nan shida, wa, me, ina, yaushe, me ya sa, ta yaya. A harkar gona akwai ta bakwai da ta fi su duka: nawa? Buhu nawa, a fili nawa, mililita nawa a lita nawa ta ruwa, sati nawa bayan shuka, kwana nawa tsakanin feshi da girbi. Ka ce "a sa NPK", wato takin zamani mai haɗin sinadarai uku, ka yi shiru, wanne? 15-15-15 daban 20-10-10 daban, lambobin nan ba ado bane a jikin buhu, kason kowane sinadari suke nunawa. Labarin noma in babu ma'auni hira ce kawai, in kuma ma'aunin ya karkace gara ma ba a yi shirin ba.

Ku tuna 2016 lokacin da tsutsar masarar nan da ta taso daga nahiyar Amurka ta ɓulla a Afirka. Rahoto nawa muka sha na "manoma na kokawa, sun yi kira ga hukuma"? Manomi ya san yana kokawa, shi ne fa mai kokawar! Abin da yake son ji shine tsutsar tana ɓuya ne can cikin tsakiyar ganye, a riƙa duba gona tun shuka na ƙarama, kuma in za a yi feshi a yi da sassafe ko da yamma tun tsutsar bata girma ba.

Tsakani da Allah ba raina aikin nake ba, na san wahalarsa, mutum ɗaya shi ne mai ɗauko rahoto shi ne mai tacewa shi ne mai gabatarwa. Amma rediyo ga manomi da yawa ita ce malamin gonan da bai taɓa zuwa gonarsu ba, kuma sun yarda da ita. George Atkins, mai shirin manoma a rediyon CBC ta Kanada, saboda ganin ana wa ƙananan manoma bayanin tarakta alhali ba su da ita ya kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Farm Radio International a 1979. Shekara sama da arba'in kenan, mu har yau eka da hekta muke rikitawa.

Af, tunda an zo nan, masu zuwa gona ɗaukar murya ku riƙa sa soson nan a kan makirfo, ko ku juya wa iska baya. Rannan dattijo yana ta bayanin yadda yake adana iri, ni banda fuuu fuuu babu abin da naji, ga kuma kiɗa an ɗora a kai kamar da gayya.