Windows 10 ya mutu, mu kuma muna kiran kirak diyauci

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Babu sauran facin tsaro na wata-wata, babu gyaran kurakurai, kuma a rana guda aka sallami Office 2016 da Office 2019 tare da shi. Washegari ma'aikata suka shiga birorinsu a unguwannin Plateau da Terminus na Yamai, suka danna maɓalli, allo ya kawo haske kamar kullum, sakatariya ta buɗe wasiƙar jiya ta sauya kwanan wata. Nan take aka yanke hukunci cewa surutun Turawa ne kawai. Duk wanda ka tayar wa zancen a Yamai, amsar ɗaya ce: “Ai tana aiki.”

Wannan amsar ta sakaci ce, an saba da ita. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta wasu samari, har da manya masu digiri, da suka mai da satar manhaja, wato kirak, wani reshe na kishin ƙasa. Ka zauna a fada ana zuba shayi, ko ka leƙa zaurukan WhatsApp, za ka ji ta: wai Bature ya kwashe arzikinmu shekara da shekaru, don haka in muka sa Windows ɗinsa ba mu biya ko tamma ba, mun rama. Wai shi ma diyauci ne. Ana faɗa ana dariya ana tafawa, kamar an ci wani yaƙi.

Bari mu fara da abin da janye hannun nan yake nufi, tunda masu “ai tana aiki” sun ɗauka cewa mutuwar manhaja ita ce allo ya yi baƙi. Kowace Talata ta biyu a wata Microsoft na fitar da faci na toshe kafofin da aka gano. Windows 10 da Windows 11 uwa ɗaya uba ɗaya ne, kaso mai yawa na cikinsu iri ɗaya ne. Don haka duk lokacin da aka toshe wata kafa a Windows 11, masu kutse suna zama su duba facin, su gane inda ramin yake, su juyo kan Windows 10 inda babu mai toshewa. Kowane wata jerin ramukan ƙaruwa yake, ba ya raguwa. Kwamfutar kuwa za ta ci gaba da buga wasiƙa lafiya lau, domin ɓarawon zamani ba ya son ka san ya shigo.

An ga wannan a watan Mayun 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da dubu 200 a ƙasashe kusan 150 cikin ƴan kwanaki, tana neman kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin marasa lafiya dubbai, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, facin wannan ramin ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin bala'in. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka shi ba. Mu kuma yanzu muna zaune a kan injunan da ko an so sakawa babu facin.

Microsoft na da shawara, ba shakka: ku koma Windows 11. Sai dai Windows 11 yana da sharuɗɗa. Yana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a wajen Intel yana neman ƙwaƙwalwar kwamfuta daga zubi na takwas zuwa sama, wato injunan da suka fito daga wajajen 2017 da 2018. To wace kwamfuta ce ke hannun ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni, ko a teburin mai buga takardu a bakin kotu? Kwancen Turai ce, “Faransa sai wata rana”, HP ko Dell ko Lenovo da wani banki ya gama mora ya zubar, wani lokaci da tambarin tsohon mai ita manne a murfi. Lafiyarta ƙalau, tana iya ƙara shekara biyar tana aiki, amma kamfani ya ce ta tsufa. Mai son ƙarin wa'adin facin tsaro na shekara ɗaya a Windows 10, zuwa 13 ga Oktoban 2026, ya biya dalar Amurka 30, kusan jika 17, ko ya buɗe asusun Microsoft ya yarda a kwashe saitunan injinsa zuwa rumbun kamfanin. Ma'aikatu kuwa dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma kuɗin ninkawa yake duk shekara. Mutanen Tarayyar Turai, da ƙungiyoyin kare masu saye suka tayar da jijiyar wuya, an sassauta musu sharaɗin suka samu kyauta. Mu babu wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu yi magana ba. Masu cewa kowa ya sayi sabuwa kawai, a ƙasar da albashi mafi ƙanƙanta jika 42 ne kuma kaya ke zagayowa ta Lome da Burkina tunda iyakar Benin a rufe take, ba su cancanci a ɓata musu layi biyu ba.

Na yarda kamfanin bai kyauta ba. Amma ku zo mu kalli maganin da ƴan kishin kirak suke alfahari da shi.

Je ka rumfar mai gyara a kewayen Babbar Kasuwa ka tsaya ka gani. Yaro ne mai hannu, ba na raina shi; kile (USB) uku ko huɗu rataye a wuyansa, fanka na kaɗa ƙura a kan tulin injuna da aka buɗe cikinsu. Ka miƙa masa taka, ya ce: “Alhaji, formataj za a yi, in sa maka sha ɗaya har da Office, jika biyu.” Ya sa kile, ya tsallake binciken TPM da wata dabara, Windows ya hau. Sai a zo wurin kunna lasisi. Abu na farko da zai yi, a gaban idonka, shi ne ya kashe antibirus, domin in bai kashe ba antibirus zai cafke ɗan kirak ɗin ya goge. Sannan ya buɗe wata ƴar manhaja da shi kansa bai san wanda ya rubuta ta ba, wadda ya kwafo daga wani abokinsa, shi ma ya sauko da ita daga wani shafi mai cike da tallar caca. Kwamfuta ta tambaya ko ka yarda wannan abu ya sami cikakken iko a kanta, ya danna eh. Kafin ka tafi ya ƙara maka nasiha: “Kada ka bari ta yi mizajur, za ta lalace.” Mizajur kuwa shi ne karɓar sabon faci. Wato ka kira wanda ba ka sani ba ya sa maka kwaɗo a shago, ya tafi da makulli ɗaya, kuma ka yi alkawarin ba za ka taɓa sauya kwaɗon ba.

Wannan ba zato ba ne. Tun 2021 masu binciken tsaro suka nuna ana cusa manhajar satar kalmomin sirri a cikin kwafin KMSPico, kirak ɗin da ya fi yawo a duniya. A farkon 2025 kuma aka ba da rahoton cewa an yi amfani da irin waɗannan kayan kunna Windows na bogi wajen leƙen asirin kwamfutoci a Yukiren, ƙasar da ke cikin yaƙi. Wanda ya ba ka kirak kyauta ba waliyyi ba ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kuma wa aka cuta da wannan ramuwar gayyar? Ba Microsoft ba. Kamfanin bai taɓa sa ran jika biyunka ba, kuma ribarsa ce yaronka ya tashi bai san wata hanyar rubuta takarda ba sai Word, bai san lissafi ba sai Excel. Ranar da ya zama darakta, shi zai sa hannu a kwangilar sayen lasisi ɗari biyar da kuɗin baitulmali, domin a ganinsa kwamfuta ita ce Windows. Ɗan kirak yana horar wa kamfanin abokan ciniki ne kyauta, yana kuma kiran kansa ɗan gwagwarmaya.

Sai masu cewa: “Mu talakawa me za a sace mana?” Wanda ya taɓa kai kile wurin buga takarda ya dawo ya tarar duk fayilolinsa sun koma gajerun hanyoyi marasa buɗuwa ya san amsar, balle ɗalibar da kundin kammala karatunta ke ciki saura mako ta kare shi. Wannan ƙaramar cuta ce ta wasan yara. Yanzu a auna abin da ke cikin injunan ma'aikatu: jerin albashi, sakamakon jarrabawa, takardun filaye, rajistar haihuwa, bayanan marasa lafiya, lissafin ƴan kasuwa da na masu aika kuɗi. Mai kulle fayil don neman fansa ba ya duba tutar ƙasa, injinsa ne ke yawo a intanet yana ƙwanƙwasa ƙofofi, wadda ta buɗe ya shiga. Da can raunin intanet ɗinmu yana ɗan kare mu ba da saninmu ba. Yanzu da Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ya shigo a 2025, kwanon nan fari ya hau rufin shaguna da birori har a ƙauyuka, wannan kariyar ta tafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu, a duk duniya, mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar haɗarin barin makunni a hannun wani. A watan Agustan 2023 Najeriya ta katse mana lantarki a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, muka kwana cikin duhu da zafi har zuwa farkon 2024. Manhaja ma haka take. A 2019 kamfanin Adobe ya sanar da rufe asusun masu amfani da kayansa a Benezuwela saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya a sassauta. A watan Maris na 2022 Microsoft ya dakatar da sabon ciniki a Rasha. Muna ta maganar diyauci a kan yuraniyom da man fetur da sansanonin soja, amma takardar da aka rubuta sanarwar diyaucin a kanta, an buga ta ne a manhajar da wani kamfani a jihar Washinton ke da ikon cewa ta ƙare.

Alhali akwai hanya, kuma ba sabuwa ba ce. Linux, mai maye gurbin Windows, da LibreOffice, mai maye gurbin Office, manhajoji ne na halal, kyauta, lasisinsu ya yarda ka kwafa ka raba ka gyara, suna samun facin tsaro, kuma suna gudu a kan tsohuwar Dell ɗin da Windows 11 ya ƙi. Jandarmomin Faransa, eh Faransar da muka sallama, sun bar Office tun 2005, suka fara komawa Ubuntu, wani nau'in Linux, a 2008, yau dubun dubatar injunansu a kai suke. Jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta kwashe kwamfutoci dubu 30 zuwa LibreOffice da Linux, kuma dalilin da ta bayar shi ne wanda muke rerawa kullum: ikon kai a kan bayanai. Su da kamfanin ke lallashi suna neman hanyar fita, mu da ko kallo ba mu ishe shi ba muna rububin shiga ta taga.

Za a ce birnin Munich na Jamus ya gwada Linux ya koma Windows a 2017. Ya koma, shekara guda bayan Microsoft ya mai da hedkwatarsa ta Jamus cikin birnin. Kowa ya fassara yadda ya ga dama. Za a ce Linux ma ana kutsa shi, ga ƙofar ɓoye da aka cusa a ƴar manhajar xz a 2024. Haka ne, kuma wani injiniya ne ya gano shi cikin makonni domin lambar da aka rubuta manhajar da ita a buɗe take ga kowa. Kirak ɗin da ke cikin injinka wa ya taɓa duba cikinsa? Za a ce yana da wuya. Matar da ta koyi WhatsApp da TikTok da tura kuɗi ta salula ba tare da zuwa lakwal ba, ita ce za a ce ba ta iya gane inda maɓallin buga takarda ya koma?

Muna da hukumomi. Akwai ANSI mai kula da sha'anin zamanantar da ayyukan gwamnati, akwai HAPDP mai kare bayanan jama'a, akwai dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka gyara a 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓatanci da cin mutunci. Wato abin da mutum ya rubuta a Facebook yana iya kai shi gidan kaso, amma in ma'aikaci ya ajiye bayanan mutum dubu a kan injin da ya kashe wa antibirus da hannunsa, da wuya ka ji an tambaye shi ba'asi. Ni a wurina wannan juyayyen lissafi ne.

Ba na cewa a wayi gari a goge komai. Akwai manhajojin lissafi da na injunan asibiti da ba sa tafiya sai da Windows. Waɗannan a saya musu lasisi na gaskiya a huta. Sauran, masu buga wasiƙa da jadawali, su ne mafi yawa. A fara ƙirga su a san abin da ke kansu. A fara da ɗakunan kwamfuta na lakwal da jami'o'i, daga Yamai zuwa Dosso da Tawa. A tara yaran nan masu kile a wuya a koya musu saka Linux Mint, jika biyunsu na nan ba ta ragu ba, har ma su sami aikin kula da injunan ma'aikatu. Tunda kuma kundin mulki na Refondation ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, manhajar da muke da izinin fassarawa da kanmu ita ce ta dace da mu. Masu Songhai da Fulfulde sun riga sun yi wa Firefox, manhajar shiga intanet, haka.

Amma ina zargin na san abin da zai hana. Kwangilar sababbin kwamfutoci da lasisi tana da fakti, tana da mai kawo kaya, tana da wanda zai sa hannu da wanda zai karɓa, kuma kowa ya san abin da ke faɗuwa a tsakani. Manhajar da ake saukewa kyauta ba ta da kamasho. Wanda ya ce ba haka ba ne, ya nuna mini ma'aikata ɗaya da ta ƙirga injunanta kafin 13 ga Oktoban 2026.