Hoto 300, ko ɗaya babu a bango

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. A bikin ƙanwata an ɗauki hoto ya fi 300 da waya, yau wata shida ko ɗaya ba a wanke ba. Na tambayi ɗan yayata, wai wayar ta faɗa ruwa: "Kawu, sai haƙuri, sun tafi." Shi ke nan fa.

Tsohuwar kyamarata mai cin fim, hoto 36 kacal take ɗauka a naɗi ɗaya. Kafin ka danna sai ka gyara wa Baba hula, ka jira yaro ya daina kuka, ka duba inda rana take. Ka kai wanki, ka kwana biyu kana zullumi. Wani ya fito ido a rufe, haka za a liƙa shi a albam ana ta dariya. Nagatif ɗin auren iyayenmu, wato fim ɗin da aka wanko hotunan daga jikinsa, har yau yana cikin adakar Inna.

Na sani, fim ya yi tsada, masu wanke shi sun yi ƙaranci, ita kanta Kodak, kamfanin yin fim, ta bayyana karayar arziki a 2012. Amma don Allah, wanda ya ɗauki hoton farantin shinkafa sau tara, wa zai nuna wa?