Murfin lemo: a gwada shi da zafin Legas kafin a yaba masa

A gosulon Oshodi ko na Agege, ka lura da abin da direban danfo ke miƙa hannu ya karɓa wajen ɗan talla. Sau da yawa lemon roba ne, ba na gwangwani ba. Dalilin a fili yake: zai kurɓa sau biyu, ya murɗe murfi, ya cusa robar gefen giyar mota ya ci gaba da kokawa da sitiyari. Gwangwani kuwa da ka fasa shi, sai dai ka shanye ko ƙuda ya taya ka. Wannan ne ya sa masu ƙira suka daɗe suna neman murfin gwangwani da za a buɗe a sake rufewa. Tunanin yana da kyau, amma a ganina ana yaba shi fiye da kima, kuma ana auna shi da ma'aunin ƙasashen sanyi.

Sai an san nauyin da murfi ke ɗauka kafin a yi masa hukunci. Mai faci kan ba tayar ƙaramar mota iska awo 32 ko kusa da haka. Lemo mai gas sosai, a ɗaki mai sanyi-sanyi, yana kai wajen awo 50 a wannan ma'aunin. Bar shi cikin kiret a rana, ko a bayan tirela da ta yini a hanyar Apapa, sai ya haura 70. Shi ya sa ake ƙera saman gwangwani ya jure awo 90 kafin ya bankare. Bakin robar lemo faɗinsa ta ciki wajen milimita 22 ne, don haka a awo 50 gas na tura murfin sama da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 13. Saman gwangwani mai faɗin milimita 52 kuwa yana ɗauke da wajen kilo 75, kusan buhun shinkafa ɗaya da rabi, dare da rana.

Murfin murɗi na roba ya riga ya warware nasa. Abin da ke tare gas ba layukan murɗin ba ne, wani ɗan zobe ne a cikin murfin da ke shiga bakin robar ya matse, ko kuma shimfiɗa mai taushi da ake sa wa wasu. Layukan aikinsu riƙewa kawai. Ɗauki roba ka duba wuyanta da kyau, za ka ga an datsa layukan a tsaye a wurare da dama. Ba kuskuren inji ba ne. Ta waɗannan hanyoyin gas ke fita, ya yi tsss tun murfin na maƙale. In babu su, ko murfin jabu ya toshe su, murfi kan tashi kamar harsashi, kuma ido ya fi kusa da shi.

Gwangwani ne mai taurin kai. Ramin da ake sha ba a kewaye yake ba, gefensa yagaggen alminiyam ne, sannan saman kansa yana ɗan kumbura idan gas ya taru, ya koma idan ya fita. Wurin da ke motsi ba ya karɓar toshi cikin sauƙi. Duk murfin da aka ɗora ta waje, kamar irin na roba da ake kifawa a baki, gas ɗaga shi yake yi. Dabarar da ke aiki ita ce a toshe ta ciki, yadda matsin zai danna toshin a kan bakin ramin. Tsohuwar hikima ce: a 1872 Hiram Codd na Ingila ya sa ƙwallon gilashi cikin wuyan kwalba, gas ya tura shi ya manne da zoben roba. Sai dai toshin ciki ba ya turuwa da yatsa muddin gas na bayansa, don haka dole buɗewa ta zama hawa biyu, ƙaramar kafa ta fara sakin gas, sannan babban ramin ya buɗe. Kamfanin Xolution na Jamus yana da irin wannan murfi mai zamiya da ake kira XO. Yana aiki, amma ya ƙara sassan roba a kan abin da a da alminiyam ne zalla, ya ƙara kuɗi, kuma sukari na bushewa a hanyar zamiyar ya sa ta cije. Wa zai biya wannan ƙarin a kan santilita 33 da ake shanyewa a tsaye?

Akwai kuma gaskiyar da talla ba ta faɗa. Murfi komai kyansa ba ya dawo da gas ɗin da ya tafi. Da ka sha rabi ka rufe, gas ɗin cikin lemon zai fito ya cika sararin da ka bari, buɗewa ta gaba ya tsere. Sau uku, huɗu, lemo ya zama ruwan sukari. Murfin nan mai famfo da ake tura iska ciki ma banza ne, domin iskar waje ba ta hana gas ɗin lemo fita daga ruwa. Sanyi ne magani: ruwan da ya kusa ƙanƙara yana riƙe kusan ninki biyu na gas ɗin da zai riƙe a digiri 20. Ƙanƙarar ɗan talla ta fi kowace sabuwar ƙira amfani.

Inda nake ganin ya kamata a zuba basira shi ne murfin robar da muke da shi, saboda a nan rayuwa biyu yake yi. An tsara shi a buɗe shi 'yan lokuta a yar. Amma a Idi-Araba da Mile 12 robar lemo komawa take yi hannun mai zoɓo da mai kunun aya, a wanke, a cika, a murɗe. Kunun aya kuwa in ya ji rana tsami yake yi, ya haifi gas ɗinsa, robar ta yi tauri kamar dutse. A lokacin zoben ciki ya riga ya gaji, domin roba a cikin zafi da matsi saki take yi a hankali ba ta komawa, ga layukan sun sha murɗin ƙarfi. Tun da masana'antu suka koma gajeren wuyan roba samfurin PCO 1881 daga tsohon samfurin PCO 1810 don rage roba, abin da ya rage na riƙo bai da yawan da za a yi wasa da shi.

Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki da kamfanonin da ke cika lemo a Ikeja da Agbara su ne ke da ikon sa sharaɗi. A ajiye robar a digiri 40 na makonni, a jijjiga ta kamar yadda ramukan hanya ke yi, a tsoma ta cikin ruwan ƙanƙara, a buɗe a rufe sau 20, sannan a auna ko tana yoyo da kuma ko gas na fita kafin murfi ya saki. Zoben shaidar da ke tsinkewa a buɗewar farko shi ma ya zama ba ya zarewa da ruwan zafi, don ta nan masu cika jabu ke shiga. Tarayyar Turai ta wajabta murfi mai maƙale da robarsa tun Yulin 2024 saboda shara. Wannan kam ya dace da magudanun Legas, in dai igiyar ba za ta hana murfin zama daidai a kan layinsa ba idan mai zoɓo ta zo murɗewa.