Ba kowa ke karawa da kowa ba a gasar SEC

Wanda ya saba da Firimiyar Ingila yakan ɗauka cewa a ƙwallon Amurka (American football) na jami'o'i ma kowace ƙungiya sai ta kara da duk 'yan gasarta. Ba haka abin yake ba. Wasanni 12 kacal ake bugawa a kaka kafin zagayen ƙarshe, ba za su isa a zaga kowa ba.

A gasar SEC (Southeastern Conference), ɗaya daga cikin gasannin jami'o'in Amurka, daga 2012 zuwa 2023, jami'o'i 14 ne aka raba gida biyu, Gabas da Yamma. Cikin wasanni 12 ɗin, in ban da kakar 2020, kowace tana buga wasa shida a rukuninta, biyu da ɗaya ɓangaren: ɗaya da abokiyar hamayya ta dindindin, ɗaya kuma na karɓa-karɓa. Ta haka aka tsare karawar Alabama da Tennessee ta watan Oktoba, da ta Auburn da Jojiya wadda ta faro tun 1892.

A ganina tsarin ya cuci magoya baya ta wani gefen. A shekarun nan 12, sau ɗaya tak Jojiya ta haɗu da Texas A&M, a 2019, alhali gasarsu ɗaya. An soke rukunan a 2024 da shigowar Texas da Oklahoma.