Zarto Mai Faifai Biyu: Tallan Ya Fi Aikin

Abin da ke ɓata rai shi ne yadda masu talla ke nuna zarton lantarki mai faifai biyu kamar shi kaɗai ya wadatar da mai sassaƙa a gida. Gaskiya ne faifan biyu suna juyawa saɓanin juna, don haka ba ya yawan fizgowa baya, tartsatsi kuma kaɗan ne wajen yanka bututun ƙarfe ko kwanon rufi.

Amma ɗora shi a kan katako ka gani! Faifansa ƙanana ne, inci 5 galibi, zurfin yankan bai cika wuce inci ɗaya ba, katako mai kaurin inci 2 sai ka juya shi. Haƙora layi biyu suna cin hanya mai faɗi, garin katako ya yi yawa, bakin yankan ya fito kaca-kaca. Yawancinsu ba su da faffaɗan gindin da ke zama a kan katako, to ta ina layi zai miƙe?

Alminiyam kuwa, in ba ka sa sandan kakin shafawa ba, ɓarɓashi ya liƙe tsakanin faifan, injin ya yi zafi. In haƙori ɗaya ya karye, faifai biyu za ka saya, kuma na kamfanin da ya ƙera zarton kaɗai ke shiga. Gara mai yanka katako ya sayi zarto mai faifai ɗaya.