Shaidar Wanda Ba a Cire wa Ƙaya Ba

A majami'unmu na Katsina, idan lokacin ba da shaida ya yi a sujadar Lahadi, masu tashi su ne waɗanda matsalarsu ta riga ta wuce, kamar wanda ya warke, da wadda ta haihu bayan dogon jira, da wanda ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga. Daidai ne a gode wa Allah dominsu. Amma tun da na koma Ingila da zama, hankalina yana kan sauran da ke zaune shiru a kan benci, waɗanda aka yi ta yi wa addu'a shekara da shekaru, nauyin kuwa bai sauka ba.

A nan, a ƙananan tarukan nazarin Littafi Mai Tsarki da ake yi a gidaje, dattijo mai furfura yakan faɗa a gaban kowa cewa yana fama da ciwon damuwa, yana shan magani, har akwai ranakun da addu'a take gagarar sa, kuma babu mai ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza. Mu kuwa an rene mu da kunya da haƙuri, ko mutum yana kwance rai a hannun Allah, idan aka ce "yaya jiki?" sai ya ce "da sauƙi". Dattijon ikilisiya da ya furta irin wannan magana a can gida Katsina, kafin a tashi sujada an fara raɗe-raɗin ko wani zunubi yake ɓoyewa.

A ganina, wannan ɗabi'a tamu ta saɓa wa abin da muke karantawa. A 2 Korantiyawa sura 12, Manzo Bulus ya ce an sa masa ƙaya a jiki, ya roƙi Ubangiji sau uku a raba shi da ita, amsar da ya samu kuwa ita ce alherin Allah ya ishe shi, domin a cikin rashin ƙarfi ake ganin cikar ikonsa. Ba a cire ƙayar ba, kuma Bulus bai jira ta fita ba kafin ya rubuta wa ikilisiya labarinta. Tarihinmu ma haka ya nuna, domin tun ƙarshen shekarun 1930 da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka karɓi aikin jinyar masu cutar kuturta a Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, wasu daga cikin Kiristocin farko na ƙasar Katsina a can suka ji bishara, suna ɗauke da cutar da mutane ke gudu, wasunsu ma har suka mutu yatsunsu ba su dawo ba.

Duk da haka, ba zan ce Ingila ta fi mu ba. A nan bayan mutum ya gama faɗin damuwarsa, kowa yakan koma gidansa ya rufe ƙofa, ziyara ma sai an tsayar da rana. A Katsina kuwa, da zarar an ji wata ta kwanta, 'yan Zumuntar Mata sun iso da kunu a filas, wata ta share tsakar gida, wata ta wanke kayan yara, wata ta kwance bakin zane ta ajiye abin da ta samu a ƙarƙashin matashi, maƙwabta Musulmi su ma su shigo dubiya. Umarnin Galatiyawa 6:2, cewa mu ɗauki nauyin juna, mun fi su aikata shi nesa ba kusa ba.

Matsalar ita ce, nauyin da ido ke gani kaɗai muke ɗauka. Bashin da ya hana magidanci barci, da shaye-shayen ɗa, da shakkar da ke cin zuciyar mai bi, duk a ɓoye suke, saboda haka babu mai zuwa da kunu dominsu. Ina roƙon fastocinmu na gida su fara daga kan bagade, su ambaci nasu raunin ba tare da kwana-kwana ba, sannan su ba wanda har yanzu yake cikin wahala dama ya tsaya ya yi magana a lokacin shaida, ko da labarinsa bai kai ƙarshe ba.