Bears da Packers: yadda Shikago ta raya maƙiyin da ya zo ya fi ƙarfinta

Akwai wani gari a jihar Wisconsin ta Amurka da ake kira Green Bay. Mutanensa ba su wuce 107,000 da 'yan kai ba, amma filin wasansa, Lambeau Field, yana cin mutum 81,000. Ku auna wannan lissafin da kyau. Wajen kilomita 330 kudu da shi ga Shikago, birni mai mutum miliyan 2.7, cike da dogayen benaye da attajirai. A ƙa'ida babu abin da zai sa a ambaci garuruwan nan biyu a numfashi ɗaya. Amma tun 1921 ƙungiyoyinsu na zari-rugar Amurka, Green Bay Packers da Chicago Bears, suke gwabzawa, kuma ƙaramin garin ne ya fi yawan kofuna: 13, Shikago kuwa 9.

Ra'ayina a kan wannan gaba ba zai yi wa magoya bayan kowane ɓangare daɗi ba. Ni a ganina, in za a jera mutanen da Green Bay ya kamata ta riƙa yi wa godiya, to marigayi George Halas, tsohon mai ƙungiyar Bears kuma mai horar da ita, yana cikin ukun farko. Kuma ba don Allah ya taimake su ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, a taƙaice: mutum 11 ne kowane ɓangare, ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ana ba ka dama 4 ka matsa gaba yadi 10. Ka kai ta ƙarshen filin abokin karawa ka samu maki 6, ka buga ta tsakanin sanduna ka samu 3. Wanda ke karɓar ƙwallo ya jefa, wato kwatabak, shi ne madugu, in ya lalace tafiya ta lalace. Gasar NFL kuma ba ta da faɗawa rukunin ƙasa irin na Firimiya, don haka maƙwabcinka na nan, sau biyu za ku haɗu kusan kowace shekara, ko kuna so ko ba ku so.

Duka ƙungiyoyin biyu daga masana'anta suka fito. Curly Lambeau ya kafa Packers a 1919 da dala 500 da ya karɓo daga kamfanin gwangwanin naman da yake wa aiki, Indian Packing Company, sunan ƙungiyar ma daga nan ya samo asali. Bears kuwa ta fara ne a matsayin ƙungiyar ma'aikatan kamfanin sitaci na Staley a garin Decatur, Halas ya karɓi ragamarta a 1920, ya kai ta Shikago a 1921, ya sauya mata suna a 1922. Karawarsu ta farko ranar 27 ga Nuwamba 1921 aka yi ta, Shikago ta ci 20 da nema. A wannan wasan ne wani ɗan wasan Shikago, John Taylor, ya kai wa Howard Buck na Packers naushi ya fasa masa hanci. A 1924 kuma aka kori Frank Hanny da Tillie Voss daga fili saboda dambacewa, abin da ake lissafawa a matsayin kora ta farko saboda faɗa a tarihin gasar. To ka ji mafarin zumunci.

A farkon 1922 aka ƙwace wa Packers lasisinta saboda ta saka ɗaliban jami'a a wasa, abin da doka ta hana. Masu bin tarihin gasar da dama suna nuna Halas a matsayin wanda ya tona asirin. Kafin shekarar ta ƙare an maido da ita, amma ɗaya daga cikin yaran da aka yi rigimar a kansu, Hunk Anderson, sai ga shi sanye da rigar Bears. Wannan shi ne Halas: ya kai ka ƙara, ya kuma kwashe abin da aka yi shari'ar a kai.

Amma ku dubi abin da ya sami sauran ƙananan garuruwan da suka buga a farkon shekarun gasar. Ina Canton Bulldogs, garin da aka kafa gasar kanta a 1920? Ina Akron, ina Pottsville, ina Duluth? Duk sun mutu. Portsmouth ta tattara kayanta ta koma Detroit a 1934. Kuɗi sun koma manyan birane, ƙungiyoyi suka bi su. Green Bay kaɗai ta rage, kuma dalilai biyu ne suka riƙe ta. Na farko mutanen garin, waɗanda tun 1923 suka mai da ƙungiyar mallakin jama'a, suna sayen hannun jarin da ba ya kawo riba ko ta sisi. Sun sake yin haka a 1935 da 1950 lokacin da ta kusa durƙushewa, yau masu hannun jarin sun haura 500,000. Na biyu kuwa, kowace shekara Bears na zuwa gari, fili ya cika maƙil, a samu na biyan albashi.

A tsakiyar shekarun 1950 sauran masu ƙungiyoyi suka fara ƙorafi. Tsohon filin Green Bay na katako ne, a bayan wata makarantar sakandare, ba ya kawo kuɗin a zo a gani. Aka nuna musu cewa ko su gina sabo ko ƙungiyar ta koma Milwaukee. Aka sa ranar ƙuri'ar jin ra'ayi a Afrilun 1956. Wa ya taso takanas daga Shikago ya tsaya gaban taron mutanen Green Bay yana roƙonsu su amince? Halas. Mutumin da ake cewa shi da Lambeau ko musabaha ba sa yi bayan wasa. Ƙuri'a ta wuce da gagarumin rinjaye, aka buɗe filin ranar 29 ga Satumba 1957, mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon na cikin baƙi, Packers kuma ta yi wa Halas tukuici da duka, 21 da 17.

Wasu na ba da wannan labari kamar na wani dattijo mai tausayi. Ni ban saya ba. Halas ɗan kasuwa ne da ya san inda abincinsa yake. Ko a dambe, sunan ɗan wasa ba ya tashi sai da abokin karawar da jama'a za su biya kuɗin ƙofa don su gani, ka kashe kowa a fage ka wayi gari makaɗa ba su da wanda za su zuga ka a kansa. Halas ya gane cewa ranar da Green Bay ta mutu, rabin abin da ke sa ɗan Shikago ya fito cikin sanyin Disamba ya mutu da ita. Wannan tunanin ne kuma ya sa a farkon shekarun 1960, da kwamishinan gasar, Pete Rozelle, ya kawo shawarar a sayar da haƙƙin nuna wasanni a talabijin a dunƙule a raba kuɗin daidai wa daida, masu ƙungiyoyin manyan birane irin su Halas da iyalan Mara na New York suka yarda, alhali su ne za su fi samu in kowa ya ci gashin kansa. Ba don wannan rabon ba, da Green Bay ba ta kai 1970 ba a ganina. Kuma son kai irin wannan, mai hangen shekara hamsin gaba, na fi girmama shi a kan tausayi.

Sai dai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1958 Packers wasa 1 tak ta ci a kaka guda. A 1959 ta ɗauko mai horarwa Vince Lombardi, wasansa na farko ya doke Bears 9 da 6, 'yan wasa suka ɗauke shi a kafaɗa. A 1962 ya yi musu 49 da nema. Halas, yana da shekara 68, ya rama a 1963: ya doke shi gida da waje ya ɗauki kofi, wanda shi ne na shida kuma na ƙarshe a hannunsa. Lombardi kuwa ya tara 5 cikin shekara 7, har da Super Bowl biyu na farko, wato wasan ƙarshe na fitar da gwani. Shi ya sa yau babban kofin gasar sunan Lombardi yake ɗauke da shi, na Halas kuwa shi ake bai wa zakaran NFC, ɗaya daga ɓangarori biyu na gasar, wato matakin da ke ƙasa.

Yanzu bari in zo inda za mu saɓa da tsofaffin 'yan kallo. Da yawansu in an ce gabar Bears da Packers, shekarun 1980 suke kawowa, zamanin da Mike Ditka ke horar da Bears, Forrest Gregg ke horar da Packers, mutum biyu da ba sa ga maciji. Na yarda akwai abin dariya a ciki. A Oktoban 1985 Ditka ya ɗauko ƙaton mai tsaron baya William Perry, mai kilo 140 ko fiye, wanda ake wa laƙabi da firiji, ya miƙa masa ƙwallo ya banke kowa ya ci maki, don dai a wulaƙanta Packers a idon duk ƙasa. Da Bears suka je Green Bay bayan mako biyu, kashin doki suka tarar an aje musu a ɗakin sauya kaya. Wannan duk cikin wasa ne.

Abin da ya faru ranar 23 ga Nuwamba 1986 kuwa ba wasa ba ne. Charles Martin na Packers ya shigo fili da tawul a ƙugu, an rubuta lambobin 'yan Bears da yake hari, har da 9 ta kwatabak Jim McMahon. Bayan McMahon ya jefa ƙwallo, ta daɗe da barin hannunsa, Martin ya biyo shi ta baya ya ɗaga shi ya maka da ƙasa a kan kafaɗar da dama take da rauni. Kakar McMahon ta ƙare nan take. Aka kori Martin, aka dakatar da shi wasa 2 kacal. Bears, masu riƙe da kofi a lokacin, sun gama kakar da nasara 14 da rashin nasara 2, amma ba madugu, aka fitar da su a wasan farko na zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Wanda ya kira wannan jarumta, ni da shi ba mu kallon wasa ɗaya. Packers ta wancan lokacin ƙungiya ce da ta rasa yadda za ta ci, sai ta koma cin amana. In ana neman abin tunawa a shekarun nan, ga wasan 5 ga Nuwamba 1989: Don Majkowski ya jefa wa Sterling Sharpe ƙwallon nasara, alƙali ya soke, aka duba faifan bidiyo aka tabbatar, 14 da 13. Haushi ya sa Bears suka yi shekaru suna saka wa sakamakon alamar tauraro a littafin tarihinsu, wai ba su yarda ba. Irin wannan ƙiyayyar nake so, wadda ba ta kai kowa asibiti.

Daga 1992 labari ya juye gaba ɗaya. A lokacin Bears na gaba da nasara 24 a jimillar karawarsu. Sai kwatabak Brett Favre ya iso Green Bay. Tsakanin 1994 da 1998 ya ci su sau 10 a jere. Da ya tafi, Aaron Rodgers ya ɗora. Ranar 23 ga Janairu 2011 aka haɗu a Soldier Field, gidan Bears, wanda ya ci ya tafi Super Bowl. Packers ta ci 21 da 14, ta ɗaga kofin da ke ɗauke da sunan Halas a cikin garin Halas, ta wuce ta doke Pittsburgh ta haɗa da na Lombardi. 'Yar Halas, Virginia McCaskey, ita ce mai ƙungiyar a ranar, kuma ta rayu har ta ga sauran: a Satumban 2017 Packers ta sha gaban Bears a yawan nasarorin karawarsu, karon farko tun farkon shekarun 1930, a Disamban 2022 kuma ta ƙwace kambun ƙungiyar da ta fi kowa cin wasanni a tarihin gasar, nan ma a Shikago. A tsakani, a Oktoban 2021, Rodgers ya ci maki ya juya ya daka wa 'yan kallon Shikago tsawa cewa har yanzu shi ne mai su. Rashin kunya ce, amma babu wanda ya iya ƙaryata shi.

'Yan Shikago na son kiran wannan rashin sa'a. Ba sa'a ba ce, haƙuri ne da rashinsa. Green Bay ta ɗauki Rodgers a 2005 tana da Favre, ta zaunar da shi shekara 3 yana koyo. Ta ɗauki Jordan Love a 2020 tana da Rodgers, shi ma ya zauna shekara 3. Ƙungiyar da ba ta da wani attajiri guda da zai farka da safe ransa a ɓace ya kori kowa tana iya yin haka. Shikago kuwa ta yi ta sauya madugai da masu horarwa, wannan ya zo da tsarinsa, kafin yaro ya gane an kawo wani. A 2017, a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi da bi, har ƙarin zaɓuɓɓuka ta bayar don ta hau daga matsayi na 3 zuwa na 2 ta ɗauki kwatabak Mitchell Trubisky, ta bar Patrick Mahomes, wanda daga baya ya zama fitaccen kwatabak, ya sauka har na 10 Kansas City ta ɗauke. Wannan ba Packers ce ta yi musu ba.

Duk da haka kada wani ya ce mini gabar ta mutu don ɓangare ɗaya ya yi shekara 30 yana danne ɗaya. Ranar 5 ga Janairu 2025 Bears suka je Lambeau Field, kakarsu ta riga ta lalace, an kori mai horarwa, sun sha kashi sau 10 a jere a kakar, Packers kuma ta ci su sau 11 a jere. Babu abin da nasara za ta ƙara musu, sai ma ta rage musu matsayi a zaɓen sababbin 'yan wasa. Cairo Santos ya buga ƙwallo daga yadi 51 a daƙiƙar ƙarshe, 24 da 22, 'yan wasan suka ruga cikin fili suna tsalle. Bayan wata guda Virginia McCaskey ta rasu tana da shekara 102, kuma wannan ne wasan Bears na ƙarshe da aka buga tana raye.